Tayoyin Baya Suna Tsalle Idan Na Taka Totur: Amsa Ga Mai Tsohuwar Chevrolet C10

Wani ɗan'uwa mazaunin jihar Texas ta Amurka ya aiko da tambaya. Ya sayi tsohuwar akori-kura, Chevrolet C10 ƙirar 1978, ya sake ɗaura injinta mai lamba 350 har ya ƙara masa ƙarfi, ya kuma canja giyar aksul zuwa 3.73. Tun daga lokacin, duk sanda ya taka totur sosai daga tsaye, sai tayoyin baya su kama tsalle, bodi ya ɗauki karkarwa kamar zai rabe. Wani ya ce masa ya ƙara fallen sifirin, wato jerin fallayen ƙarfe masu lanƙwasa da ke ɗauke da bayan motar, wani kuma ya ce ya cire sifirin ɗin gaba ɗaya ya sa tsarin sanduna huɗu. Yana son ya san wanne zai bi, kuma yana da niyyar sauke motar ƙasa nan gaba.

Ɗan'uwa, kafin mu shiga batun gyara, ga abu ɗaya da nake roƙonka. Daga yau, da zarar ka ji ta fara wannan tsallen, ɗage ƙafarka. Kada ka ce bari in danne har ta wuce wurin. A kowane tsalle, taya na tashi ta yi gudu a iska, sannan ta dawo ta cafki kwalta farat ɗaya, kuma dukan ba a taya yake tsayawa ba. Yana bi ta sandar aksul, ya shiga haƙoran giya, ya bi farfela har cikin giyabos. Aksul ɗin motarka shi ne wanda ake ganewa da notuna 12 a murfinsa, kuma abin da ke riƙe da kowace sandarsa wani ɗan ƙarfe ne mai siffar harafin C da ke can ciki, a tsakiyar gidan giya. Idan sandar ta karye, ɓarin da ke ɗauke da taya ba shi da sauran mai riƙo, yana iya zarewa ya fita da tayar da gangar birki baki ɗaya. Aksul ɗin Ford mai inci 9, wanda ya fito a 1957, a bakin bututu ake kulle sandarsa, shi ya sa masu tsere suka ɗauke shi da muhimmanci. Naka ba haka yake ba. Don haka wannan ba ƙaramar matsalar jin daɗin tuƙi ba ce, magana ce ta rai.

To, me ke faruwa a ƙarƙashin motar? Yawancin mutane sun ɗauka aikin sifirin ɗaya ne, wato ɗaukar nauyi. A motarka aiki uku aka ɗora masa. Shi ke ɗauke da nauyin, shi ke tsayar da aksul a mazauninsa kada ya zame gaba ko baya ko gefe, kuma shi ke hana gidan aksul juyawa. Wannan tsari ana kiransa da sunan Hotchkiss, wani tsohon kamfanin motoci na Faransa, kuma ya yi farin jini ne saboda arha da ƙwari: ƙarfe ɗaya, aiki uku. Aiki na ukun nan ne ya fi ƙarfin sifirin ɗinka tun da ka ƙara wa injin ƙarfi.

Idan ka taɓa riƙe injin huda katako bakinsa ya maƙale, ka san yadda yake murɗe hannu ta ɗaya ɓangaren. Haka aksul yake. Inji na juya tayoyi gaba, gidan aksul kuwa yana neman juyawa baya, sai hancinsa, inda farfela ke shiga, ya ɗago sama. Babu abin da ke tare shi sai sifirin. Sifirin ɗin sai ya lanƙwashe ya yi siffar harafin S, ya tara ƙarfi kamar danƙon harbin tsuntsu da aka ja. Da taya ta ɗan sulɓe, nauyin murɗar ya sauka, sai ya saki ya fyaɗo, ya wuce mazauninsa, ya ɗaga tayar ko ya rage mata nauyi. Ta sauko, ta sake kama ƙasa, ya sake naɗewa. Sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya ake wannan kai-komo, shi ne karkarwar da kake ji a kujera.

Bari in nuna maka girman ƙarfin da lissafi. Mu ɗauka injinka na ba da ƙarfin murɗa Nm 450 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗa), kuma giyabos ɗin TH350 ne mai canja giya da kansa, wanda giyarsa ta ɗaya 2.52 ce. Ka ninka 450 da 2.52, ka sake ninkawa da 3.73, za ka samu kusan Nm 4,230 a aksul. Kamar ka ɗaura sanda mai tsawon mita ɗaya a jikin aksul ne, ka rataya mata buhun siminti takwas da ɗoriya a baki. Ban ma sa ƙarin da kwanbata, wato abin da ke haɗa inji da giyabos a madadin kuloci, ke yi a lokacin tashi ba, wanda kan kai kusan ninki biyu. Gaskiya ne cewa taya kan sulɓe kafin duk wannan ya sauka a kan sifirin, amma ai sulɓewar da sake kamawar su ne ciwon. Kuma ka lura, canjin giyar da ka yi ya taimaka wajen tayar da matsalar kamar yadda gyaran inji ya yi. Wanda ya tashi daga 3.08 zuwa 3.73 ya ƙara wa aksul murɗa da fiye da kashi 20 cikin ɗari ba tare da ya taɓa inji ba.

Akwai kuma abin da ya sa akori-kura ta fi ƙaramar mota fama da wannan. A C10 irin taka, sifirin yana zaune ne a saman aksul. Tura motar da ake yi daga inda taya ta taɓa ƙasa take farawa, saboda haka duk nisan da sifirin ya ƙara daga ƙasa, ya ƙara tsawon hannun da ake murɗa shi da shi. Kowane bakanike ya san abin da ke faruwa idan aka zura bututu a hannun sifana. Wannan ne ya sa tubalin ƙarfen da ake cusawa tsakanin aksul da sifirin don ɗaga mota yake haddasa tsalle ko da inji bai da wani ƙarfi. Ka haɗa da cewa bayan motar ba kaya, babu nauyin da zai danne tayoyin. Ina da yaƙinin in ka loda mata buhuna biyar za ka ji tsallen ya ragu ƙwarai. Gwada ka gani, gwajin ma kansa zai tabbatar maka da inda matsalar take.

Su kansu masu ƙera motar sun san da wannan. Da aka fito da wannan ƙira a 1973, an jera shokazoba ɗin baya a karkace da gangan, ɗaya ta gaban aksul, ɗaya ta bayansa, domin duk ta inda gidan aksul ya so juyawa ya haɗu da mai tare shi. Darasi ne da aka koya tun a Camaro, wata ƙaramar mota mai gudu ta Chevrolet: ta 1967 mai falle ɗaya ta yi suna wajen tsalle, a 1968 aka raba mata shokazoba gaba da baya, masu babban inji kuma aka ba su sifirin mai fallaye da yawa. Na kawo wannan ne don ka leƙa ka gani ko wani da ya riƙe motar kafin kai ya sauya musu wuri. Mota mai shekaru fiye da arba'in ta ratsa hannaye da yawa.

Abin da nake fara yi a gareji shi ne in ga ciwon da idona. Ka ɗaure waya ko ƙaramar kamara da kyau a jikin shasi, tana kallon hancin aksul da rabin sifirin na gaba, ka je wurin da babu mutane, ka tashi sau ɗaya, ka saki da zarar ta fara. In ka kalli bidiyon a hankali za ka ga hancin yana sallama sama da ƙasa. Idan kuwa hancin na tsaye amma motar na karkarwa, to ka nemi laifin a wani wuri: robar da inji ko giyabos ke zaune a kai, kuros ɗin farfela, wato gaɓoɓin gicciye da ke bakunanta, ko robar tsakiya idan farfelarka mai gaɓa biyu ce. Mai giyar hannu ya ƙara da kuloci, domin kuloci mai fizga yana kwaikwayon wannan ciwo sosai.

Sai ka ɗaga motar, ka tokare shasi da ƙafafun ƙarfe, kada ka shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da ita. Fara da yubol, wato notunan nan masu siffar U da suka rungume aksul da sifirin. Wannan wuri nake so ka fi ba lokaci. Ƙarfin sifirin mai fallaye yana zuwa ne daga matsewar da aka yi musu a tsakiya har suka zama kamar abu ɗaya. Idan yubol ya saki, kowane falle sai ya koma yin aikinsa shi kaɗai, aksul ya riƙa rawa a mazauninsa, ya ci ramin mazaunin, daga ƙarshe ya guntule notin tsakiya, wato wanda ya ratsa fallayen ya haɗa su. Alamar ita ce jan garin tsatsa a gefen fallaye, ko wuri mai sheƙi inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. An taɓa kawo mini irin motar nan, mai ita ya riga ya kashe kuɗi masu yawa a kan shokazoba masu tsada, tsalle bai daina ba. Da muka kwance, notin tsakiya na ɓangaren dama ya daɗe da gutsurewa, aksul ya ja baya kusan rabin inci, ga kuma tubali mai inci huɗu da aka cusa. Sabon noti, sababbin yubol, muka cire tubalin, fiye da rabin ciwon ya tafi a ranar. Tsohon yubol ba a mayar da shi, domin zarensa ya riga ya miƙe tun ɗaurin farko. Ka sayi sababbi, ka ɗaure su a gicciye kaɗan-kaɗan da sifana mai auna ƙarfi daidai da abin da littafin motar ya ce, ka sake bin su bayan tafiyar kwana biyu ko uku.

Daga nan ka duba bushin, wato robar da ke cikin idon sifirin na gaba, da na ƙarfen lilo na baya wanda ke rataye sifirin a shasi. Ka sa ƙarfen banƙara ka motsa. In ido na yawo, robar ta mutu. Na gaban ya fi muhimmanci, domin ta nan ake tura motar baki ɗaya. Ni nakan sa mai tauri irin na foliyuritan a gaba, in bar roba a baya don kada motar ta yi tsauri da ƙara. Kuma kada ka ƙarasa ɗaure waɗannan notuna sai motar ta sauka a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Ka bi fallayen ɗaya bayan ɗaya ka nemi tsaguwa, musamman kusa da ido da kusa da tsakiya. Sifirin da ya kwanta ya miƙe sumul, ko ya riga ya ɗauki siffar S ko a tsaye, ya gama aiki. Canja shi za ka yi, duka ɓangarorin biyu.

Shokazoba kuma, ka cire ta ka ja da hannu. In ta zo ba gardama, ko tana da wurin da take wucewa fayau, ko jikinta ya jiƙe da mai, ta mutu. Shokazoba ba ta hana sifirin naɗewa, amma ita ke hana shi fyaɗowa da sauri, ita ke kashe kai-komon tun bai yi ƙarfi ba. Ba lallai ka sayi mafi tsada ba, mai kyau mai gas ta isa, in kuma da hali ka sami wadda ake iya saitawa. Abin da mutane ke mantawa shi ne kusurwar da take tsaye. Idan ta karkata digiri 30 daga tsaye, kusan rubu'in aikinta ya tafi. In ta kai 45, rabi. Wannan zai dawo mana idan mun zo maganar sauke motar.

Yanzu shawarar ƙara falle. Wanda ya ba ka ita bai yi ƙarya ba, sifirin mai kauri ya fi wuyar naɗewa. A gida ma abin da muka tashi muka gani ke nan: akori-kurar Peugeot 504 da Hilux masu jigilar buhunan hatsi daga kasuwannin ƙauye, da wuya ka ga wadda ba a ƙara wa falle ba, kuma ya dace da su, domin kullum a loɗe suke. Taka ba kaya take ɗauka ba. In ka ƙara mata fallaye biyu, bayanta zai tashi, wanda ya saɓa wa abin da kake so, kuma za ta koma kamar amalanke. Tayar da ke ƙarƙashin sifirin mai tsauri ba ta bin ƙasa, da ta taka ɗan tudu sai ta yi sama, ka rabu da tsalle iri ɗaya ka sayi wani. Ban ba ka wannan shawarar ba.

Abin da ya kamata a ɗauka daga cikinta shi ne dabarar da injiniyoyin Chrysler suka yi amfani da ita a motocinsu masu ƙarfi na shekarun 1960. Sun zaunar da aksul gaba da tsakiyar sifirin, rabin gaba ya zama gajere mai tauri kamar sanda, rabin baya ya zama dogo mai laushi. Gaba na riƙe aksul, baya na shanye gargada. Kai ma kana iya kusantar wannan da kuɗi kaɗan: ka sa maɗauri na ƙarfe guda ɗaya ko biyu a rabin gaba, su matse fallayen su hana su buɗewa, ka bar rabin baya yadda yake. Wasu maƙeran sifirin kan ƙara rabin falle daga tsakiya zuwa ƙarƙashin idon gaba kawai. A mota mai matsakaicin ƙarfi, wannan da sababbin shokazoba sukan wadatar.

Amma injinka ya wuce matsakaici, saboda haka ina ganin inda za ka ƙare shi ne sandar riƙe aksul, wadda masu sayar da kaya a can ke kira tirakshan-ba. Hikimarta ita ce a sauke wa sifirin aikinsa na uku a ba wani ƙarfe, shi ya ci gaba da ɗaukar nauyi da laushinsa. Iri uku za ka tarar.

Na farko shi ne tsohon yayi, wanda kamfanin Lakewood ya yi suna da shi: sanda da ake ɗaurewa a ƙarƙashin sifirin, ta miƙa gaba, da dunƙulen roba a bakinta. Aksul na juyawa, robar ta tashi ta tokari sifirin. Yana aiki, amma sai robar ta sauka daidai ƙarƙashin ido. In sandar ta gaza, tana dukan jikin fallen, za ta lanƙwasa shi a hankali har ya karye. An fi yin sa don motocin da sifirin ke ƙarƙashin aksul, yana kuma rage tazarar mota da ƙasa.

Na biyu shi ne irin CalTracs na kamfanin Calvert Racing. Sanda ce daga ƙarƙashin aksul zuwa wani faranti mai kusurwa uku da ke lilo a kan notin idon gaba. Idan aksul ya so juyawa, sai ya tura sandar gaba, farantin ya juya, ya danna saman sifirin ƙasa a daidai inda yake son kumburowa. Ƙarfin da ke neman naɗe shi, shi ake mayarwa ya hana shi naɗewa. Ana saita shi da murɗa sandar. Don yawon gari, ka bar 'yar tazara tsakanin abin dannawar da fallen, kamar kaurin kwabo, don sifirin ya sami sararin aikinsa. Ranar da za ka filin tsere sai ka matse har ya taɓa. In ka bar shi a matse kullum, za ka ji kowace tsakuwa a bayanka. Shi na fi so ga mota irin taka, kuma ba ya bukatar walda mai yawa. Ka dai tabbatar wanda za ka saya an yi shi ne don yadda aksul ɗinka yake zaune, sama ko ƙasa da sifirin, don ba ɗaya ba ne.

Na uku doguwar sanda ce daga bututun aksul zuwa shasi, irin wadda aka fi gani a motocin da aka ɗaga. Nan ne masu haɗa nasu a gida suke yin kuskure. Aksul ba sama da ƙasa yake tafiya a miƙe ba, yana bin baka ne da ke kewaya idon gaba, kuma rabin gaba na sifirin ɗinka mai inci 52 kusan inci 26 ne. Idan sandar ta bi wani baka daban, ita da sifirin za su riƙa ja-in-ja a kowane rami, har ɗaya ya yage mazauninsa. Ko dai tsawonta da kwanciyarta su yi daidai da rabin gaban, ko kuma a yi ta mai kama aksul a wuri biyu, sama da ƙasa, a sa mata ƙarfen lilo a ƙarshen gaba. Wani abu kuma: bututun aksul irin naka cusa shi aka yi cikin gidan giya aka ɗiga masa walda ta 'yan ramuka. Idan ka kama bututun da ƙarfi alhali gidan na son juyawa, yana iya murɗewa a cikinsa. Mai yawan tsere ya kai wa ƙwararren mai walda ya zagaye mahaɗar, wanda ya san yadda ake haɗa ƙarfen zubi da na bututu ba tare da ya karkatar da aksul ba.

Duk wadda ka sa, sai ka auna kusurwar hancin aksul. Motar na tsaye a kan tayoyinta a wuri mai daidai, ka auna karkatar wutsiyar giyabos, ta farfela, da ta hancin. Ma'aunin kusurwa mai maganaɗisu ko na waya ya isa. Abin da ake nema shi ne, lokacin da mota ke ja, layin hancin ya yi daidai da layin giyabos, kusurwar kuros na gaba da na baya kada su bambanta da fiye da digiri 1, kuma kowanne kada ya wuce kamar digiri 3. Tunda hanci na ɗagowa idan ana ja, ana barin sa ya ɗan sunkuya a tsaye. Ni a motar gari mai sifirin nakan bar shi digiri 2 zuwa 3 ƙasa da layin, in an sa sandar riƙo kuma in rage, tunda ba zai ƙara ɗagowa kamar da ba. Ana gyarawa da weji, wato ɗan faranti mai kauri a gefe ɗaya da siranta a ɗaya gefen, tsakanin sifirin da mazauninsa. Ka nemi na ƙarfe wanda notin tsakiya ke ratsawa ya kulle shi. Na alminiyon zubi yakan fashe, yubol ya saki, ka koma gidan jiya.

Maganar sauke motar ta zo daidai, domin a nan burinka da maganin ciwon sun haɗu. Hanyar da aka saba a wannan ƙira ita ce juya aksul, a mayar da shi saman sifirin, motar ta sauka kamar inci biyar zuwa shida. Ka tuna hannun sifanar nan: sifirin ya matso kusa da ƙasa, hannun ya gajarta, naɗewar ta ragu. Sai dai aikin na da wutsiya. Aksul zai matso shasi, dole a yanka shasin a yi masa gurbi mai siffar C, a ƙarfafa wurin da faranti mai kauri. Shokazoba za su gajarce su kwanta, sai an sauya musu mazauni su miƙe. Tiyon birki da kusurwar hanci duk sai an sake dubawa. Saboda haka in da gaske kake, ka fara sauke ta kafin ka sayi sandar riƙo da shokazoba, kada ka biya kuɗi sau biyu.

Tsarin sanduna huɗu kuwa, ba na musun cewa shi ne maganin da ke tumɓuke ciwon daga saiwa. An raba ayyukan: sanduna na riƙe aksul, naɗaɗɗen sifirin ko jakar iska na ɗaukar nauyi, babu abin da ya rage da zai naɗe. In sandunan a jere suke, sai an ƙara ta gicciye mai hana zamewa gefe, wadda ake kira Panhard, ita ma sunan kamfanin Faransa ne, kuma ana son ta doguwa, a kwance daidai lokacin da mota ke tsaye. Wasu kan sa mahaɗin Watt a madadinta, dabarar da James Watt ya fito da ita a 1784 don injin tururi. Chevrolet ma ta taɓa barin sifirin mai fallaye: daga 1960 zuwa 1972, yawancin ƙananan akori-kurarta masu jan baya dogayen hannuwa biyu ne ke riƙe da aksul, da naɗaɗɗen sifirin da sandar Panhard, sai a 1973 ta dawo wa fallaye. Tsarin ya yi kyau har motocin gasar tseren NASCAR ta Amurka suka ara, na babban ajinta ba su sake shi ba sai a 2022. Mai irin wannan tsohuwar in ya ji tsalle, ya duba bushin na gaban hannuwan, da shokazoba, da tsatsar da ke cin tsakanin ƙarfe biyun da aka haɗa aka yi kowane hannu.

To me ya sa ban ce ka tafi can kai tsaye ba? Domin aiki ne na cire bodin baya, da yanka, da walda a jikin shasi, da awo wanda kuskuren rabin inci zai sa mota ta riƙa tafiya a karkace ko ta riƙa juya kanta a kwana. Kuɗinsa ya ninka na sandar riƙo sau da yawa, kuma motar za ta rage iya ɗaukar kaya in ba a zaɓi sifirin da ya dace ba. Wanda zai sa jakar iska ya kwantar da mota har ƙasa, ko wanda ya ɗora injin LS, wato injin Chevrolet na baya-bayan nan, mai na'urar turbo da ke ƙara ƙarfi, yana neman rage daƙiƙu a tseren rubu'in mil, shi ya cancanci wannan wahala. Injin 350 da aka ɗan taɓa, a motar da ake zuwa aiki da ita, bai kai nan ba.

Sauran ƙananan abubuwa suna taimakawa amma ba sa warkarwa. Iskar da aka rubuta don mota mai cike da kaya ta yi wa wofin mota yawa, ka rage kaɗan cikin iyakar da aka yarda, tayar za ta fi shimfiɗuwa. Tsohuwar taya da robarta ta bushe tana kamawa tana saki, ka duba shekarar da ke jikinta. Mayar da batir baya, ko ɗauke tankin mai daga gefen shasi zuwa tsakiyarsa a bayan aksul kamar yadda masu irin motar da yawa ke yi, yana ƙara wa tayoyin nauyi. Giyar tsakiya mai kulle tayoyi biyu, wadda Chevrolet ke kira Positraction, tana raba aikin ga tayoyin, amma ka sani ƙarin kamun ƙasa ƙarin murɗa ne a kan sifirin, don haka ta zo bayan sandar riƙo.

A wannan makon, ka ɗauki bidiyon nan, ka duba yubol da notin tsakiya da bushin, ka auna kusurwoyin uku ka rubuta su. Ka turo mini su tare da adadin fallayen da ke kowane ɓangare da lambar da ke jikin tayoyinka, ka kuma faɗa mini ko ka yanke shawarar juya aksul ɗin, sai mu fitar da kaurin wejin da irin sandar da za ka yi oda.